Kujerar Alhaji Na-Biyu

Da zarar layi ya zo kan Alhaji, kun san abin da zai yi. Zai cire hularsa ya kifa ta a gwiwa, ya shafa sanƙon nan nasa, ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya kamar alƙalin da zai yanke hukunci, sannan ya ce, "Ƙafa kafin ƙaho." Sai ya kira sunan wani bawan Allah da ba wanda ya so a cikinku, falo ya ɗauki dariya, shi kuwa ya mayar da hularsa kamar wanda ya ci gari da yaƙi.

Ni ce Asabe, matarsa. Ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. Ina faɗa ne, autarmu Hadiza tana rubutawa bayan ta dawo daga aikinta na asibiti, ita kuma za ta karanta muku ranar Asabar in kun taru. In kun ji magana ta yanke ta faɗa wani wuri, kuka ne ya ci ƙarfina, ku yi haƙuri da tsohuwa.

Injiniya Bashir, shugaban wasanku, ya aiko yana tambayata. Ya ce kujerar Alhaji, a bar ta da sunansa na'ura ta riƙa zaɓar masa 'yan wasa, ko kuwa a ba wani? Ya ce abin da na faɗa shi za a yi, kuma ana son amsa kafin zaɓen bana. Zan ba ku amsa. Amma ku bar ni in bi ta hanyata, don ba ni da wanda zan yi hirar mutumin nan da shi in ba ku ba.

Bari in fara da yadda abin ya shigo gidana, saboda matanku da har yau suke zaton caca kuke yi.

Lokacin Alhaji yana kula da shigar kaya da fitarsu a wani sito a Jebel Ali, nan Dubai. Akwai wani abokin aikinsa, Ramon, mutumin Venezuela, wanda bai da zance sai besbol, wasan nan da ɗaya yake jifa da ƙwallo, ɗaya yana kai mata duka da sanda. Su tara ne, suna neman cikon na goma. Rannan Alhaji ya shigo gida yana murmushi har kunne.

"Hajiya, yi mini barka. Na samu ƙungiya a Amurka."

Na ce, "Da wane arzikin?"

"Kyauta."

"To tana ina?"

Ya zaro waya daga aljihu ya ce, "Ga ta nan ciki."

Wallahi a ranar na kira ƙanwata a Kano na ce ta je wajen malami a yi masa rubutu, zafin Dubai ya taɓa shi.

Daga baya na gane. 'Yan wasan na gaske ne, suna can suna wasansu, ba su san da zaman Alhaji a duniya ba. Ku nan sai ku zauna farkon shekarar wasa ku rarrabe su a tsakaninku, kowa ya ɗauki nasa bi da bi. Abin kirkin da mutuminka ya yi a fili a rubuta maka maki, shirmen da ya yi a rage maka. Ba ko sisi a ciki, Alhaji ne ya kafe a kan haka tun ranar farko. Abin da ake ci shi ne butar shayin nan mai ruwan zinare da ya sayo a kasuwar Al Sabkha, wadda ya yi ta ciniki a kanta har mai shagon ya ce masa, "Khalas, ya hajji, ɗauka ka tafi!" Turawan da aka fara wasan da su suka yi ta komawa ƙasashensu, duk wanda ya tafi Alhaji ya cike gurbinsa da Bahaushe, har shi Ramon ya tafi ya bar muku gado. Yau ga shi, Hausawa goma a wani falo a Al Buteen suna musu a kan gwiwar hannun wani ɗan Japan.

Shekara goma sha wani abu Alhaji yana wannan wasa, kuma butar da ya saya da hannunsa ba ta taɓa kwana a gidanmu ba. Na biyu. Na uku. Na biyu. Na biyu. Har kuka sa masa Alhaji Na-Biyu, yana jin haushi a gabanku, amma in an kira shi da shi a waya sai ya amsa.

Ƙafa kafin ƙaho kuwa, daga mahaifinsa ya ɗauko ta, wanda dillalin shanu ne a Wudil. Ya ce baƙon kasuwa ƙaho yake kallo, ɗan kasuwa kuwa ƙafa, don ƙafa ce za ta kai sa Legas. To haka yake zaɓensa. Ya ce a wasan maki ba a tambayar wa ya burge, ana tambayar wa ya zo aiki. Mai jifan da zai tsaya a fili tun farko har wasa ya yi nisa, mako bayan mako, ba ciwo ba ƙorafi, shi ne ƙafa, kuma irinsu ba su da yawa, in ka yi sanya an kwashe. Masu sanda kuwa, a cewarsa, kamar taksin Deira ne, in wannan ya wuce wani yana tafe.

Kun tuna shekarar da Injiniya ya buɗe zaɓe da ƙaton nan mai buga ƙwallo har ta fita daga fili? Yana kiran sunansa kuka hau tafi. Alhaji ya girgiza kai.

"Injiniya, Allah ya sa alheri. Amma mutumin naka na san shi. In ya samu ƙwallo sau ɗaya, sau uku iska yake duka."

"Alhaji, in ya same ta fa sai an nemo ta a wata unguwa!"

"In bai same ta ba kuma a rage maka maki. Ni me zan yi da mai yi wa iska fifita? Nan Dubai ne, muna da esi."

Shi wanda yake so shi ne mai haƙuri, wanda zai tsaya da sandarsa ya ƙi kai duka, har mai jifa ya gaji ya yi ta jefawa a karkace, a ce ya wuce ta farko cikin tashoshin da ake zagayawa a fili, kyauta. Ya ce tafiyar kyauta ma maki ce, kuma ba a taɓa jin wanda ya karye a cikinta ba. Na ce masa, "Alhaji, wato mutumin da ya ƙi yin komai shi ne gwaninka?" Ya ce, "Hajiya, ƙin yin shirme ma aiki ne. Da mutane sun san haka da duniya ta zauna lafiya."

Sai kuma masu gudun nan da suke faki ido su tsere daga tasha zuwa tasha, abin da su kansu masu wasan suke kira sata. Waɗannan ko kallonsu ba ya yi. In an matsa masa sai ya ce makinsu bai taka kara ya karya ba, kuma in an kama su asara ce. Amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san ba lissafi ba ne kaɗai. Ya ce mini, "Ina aikin sito, ba a taɓa samun ko ƙusa ta ɓata a hannuna ba, sai da tsufana a ce Alhaji ya tara ɓarayi?"

Yanzu bari in zo kan langata.

Kun san ni nake fitar da layin zaɓe. Kowa ya rubuta sunansa a 'yar takarda, a naɗe, a zuba a langar nan mai furanni da na zo da ita daga gida, in sa hannu in riƙa zarowa. Ramon ne ya ƙirƙiro haka. Ya ce a duk Dubai ba hannun da ya fi nawa adalci, tunda ko an buɗe mini takardar ban san sunan wa ke ciki ba. A rayuwata ban taɓa jin an yaba mini don rashin karatu ba sai a wurinku, kuma ban ɓoye muku ba, na ji daɗi.

Kowa addu'arsa ya fito na farko. Alhaji shi kaɗai yake roƙon Allah ya fito na ƙarshe. Don zaɓen naku kamar maciji yake, in an kai wutsiya sai a juyo, na ƙarshe ya ɗauki biyu a jere. Ya ce na farko ya ɗauki sa ɗaya ya zauna yana kallo ana wawashe kasuwa, na ƙarshe kuwa ya kama masu jifa biyu lokaci guda ya ɗaure.

Wata shekara, ana gobe zaɓe, ya biyo ni kicin yana wani lallaɓawa.

"Hajiya, hancinki yana nan da kyau ko?"

"Lafiya?"

"Ba komai. Kawai dai in kin ji wata takarda tana ƙanshi, ki bar ta ta huta a ƙasan langa."

Na ci gaba da aikina. Washegari aka zuba takardu, na ɗaga murfi, sai ga ƙanshin turaren oud ya bugi falo gaba ɗaya, har Injiniya ya yi atishawa. Mutumin nan bai san shwaiya ba, wato kaɗan-kaɗan, rabin kwalba ya juye! Na sa hannu na lalubo wadda take jiƙe sharkaf, na zaro ta ta farko, na miƙa.

Injiniya ya buɗe, ya shinshina, ya ce, "Alhaji ne na ɗaya. Masha Allah, har da ƙanshin ango."

Jama'a, kun taɓa ganin wanda aka ba farkon zaɓe ya kusa kuka? Kwana da kwanaki ba ya yi mini magana sai ta bakin Hadiza. "Gaya wa uwarki tuwon ya yi." Da ya huce ya ce, "Hajiya, kin ci amanata." Na ce, "Amanar mutum goma aka ba ni, kai ɗaya ne a ciki." Ya ce, "Shi ya sa na aure ki. Amma dai kin cuce ni."

Bai daddara ba. Da zaɓe ya faɗo cikin azumi, kowa ya ce a bari sai an sha ruwa. Alhaji ya kafe sai dai bayan la'asar. Ya sa ni na ɗora suyar ƙosai, ya buɗe ƙofar kicin da kansa, ya sa fanka tana turo muku ƙanshi. Ya raɗa mini, "Mai yunwa ba ya dogon tunani. Za ki ga Injiniya yana ɗaukar duk wanda ya gani." Kafin a yi nisa, wa aka ga ya kira sunan mutumin da aka riga aka ɗauka, har sau biyu, idonsa yana kan ƙofar kicin? Injiniya ya ce, "Alhaji, a ɗauko maka ƙosan ne a wannan zagayen, ko sai na gaba?" A shekarar ma na biyu ya zo.

Ni fa har na saba da mutanen nan nasa. Wasanninsu a can suna ƙarewa ne daidai lokacin da gari yake waye mana a nan. In ya dawo daga masallaci da asuba sai ya zauna bakin taga, inda ake jiyo injin jiragen ruwan da ke tsallaka da mutane, ya sa tabarau, ina haɗa shayi yana ba ni labari. "Hajiya, ɗan Japan ya yi aiki jiya, Allah ya yi masa albarka." "Hajiya, dogon nan ya ba mu kunya." Ban san fuskar ko ɗaya ba, amma na san mai ciwon baya, na san wanda matarsa ta haihu.

Akwai wani mai jifa da ya daɗe yana ɗauka, kusan shekara biyar a jere, har nake ce masa ɗan gida. Wata safiya na ga Alhaji ya yi tagumi. Ya ce gwiwar hannun ɗan gida ta tashi aiki, sai an yi masa tiyata, shi da fili sai baɗi. Hankalina ya tashi. Na ce ko akwai mai zuwa Amurka a aika masa da zuma da man zaitun? Ina cikin wannan magana na ga yana latsa waya.

"Me kake yi?"

"Na sallame shi. Na ɗauki wani."

"Alhaji! Yau-yau? Mutum yana kwance? Ba ka da tausayi?"

Ya cire tabarau. Idonsa ya yi ja, na gani. Ya ce, "Hajiya, ina son sa. Amma gurbin da ba kowa ba ya kawo maki. In na bar sunansa a wurin, shi bai warke ba, ni ban ƙaru ba, kuma ga wani can yana jiran a ba shi dama. Addu'a zan yi masa, amma daga waje."

Ranar ban sa masa sukari a shayi ba.

Ku riƙe wannan maganar, zan dawo kanta.

Sai Isuhu. Isuhu na Maraɗi, mai shagon yadi a Al Sabkha, wanda shekara da shekaru yake zuwa ranar zaɓe ba shi da kujera. Ya zauna bakin ƙofa a kan buhun shinkafata, yana leƙen wayar Alhaji yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

"Alhaji, ɗauki wancan mai gudun, voilà, ga shi nan a banza!"

"Isuhu, ɓarawo ne."

"Mon vieux, ɓarawon da yake kawo maka kayan gida ai ɗa ne!"

Duk shekara sai ya roƙa a ƙara kujera ta zama sha ɗaya, duk shekara Alhaji ya ce, "Kujera goma ce. Sai dai in wani ya mutu." Isuhu ya ɗaga hannu sama ya ce, "To Allah ya ja kwanan kowa, ni na haƙura da buhuna." Ku yi ta dariya, har da ni.

Hadiza, dakata kaɗan.

To. Bara, da zafi ya kai zafi, ciwo ya kwantar da shi. Ƙungiyarsa tana sama a lokacin. A gadon asibiti, numfashi da ƙyar, ya sa Hadiza ta duba masa ko akwai gurbin da ba kowa. Ta ce babu, Baba, kowa yana wurinsa. Ya ce alhamdulillahi. Don in sa shi dariya na ce, "Alhaji, ni a wane zagaye ka ɗauke ni?" Ya kama hannuna ya ce, "Ke ai na ƙarshe na fito, na ɗauki biyu a jere. Ke da haƙurinki." Bayan kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Nan aka binne shi, ku kuka ɗauke shi.

Abin da ya biyo baya kun fi ni sani. Ba wanda ya taɓa ƙungiyarsa, ba wanda ya iya. Amma mutanen da ya zaɓa, masu zuwa aiki kullum, suka ci gaba da zuwa aiki. Maigidansu yana ƙasa, su suna tara masa maki, har suka kai shi wasan ƙarshe, shi da Injiniya. Ina cikin takaba Injiniya ya kira waya.

"Hajiya, na yanke shawara. Zan zaunar da mutanena duka, Alhaji ya ci butar nan ko sau ɗaya."

Na ce, "Injiniya, kana son ya tashi ya biyo ka? Mutumin da aka ba farkon zaɓe ya yi fushi, shi za ka ba buta sadaka? Ka fito da mutanenka, har da mai fifitar."

Ya fito da su. Mai fifitar nan kuwa, a makon bai doki iska ba ko kaɗan. Alhaji ya zo na biyu.

Da Hadiza ta gaya mini, na yi dariya har na riƙe ciki, daga nan dariyar ta juye, ban san lokacin da na faɗi a kan dardumarsa ba. Ko a kabari bai canza hali ba.

Yanzu ga amsarku.

Da Injiniya ya ce a bar kujerar da sunansa, raina ya so. Wallahi ya so. Na ce ko ba komai duk shekara zan ji an kira sunansa a falon nan, in sa hannu a langa in san takardarsa tana ciki. Tun da ya tafi, da asuba ina haɗa shayi kofi biyu, sai na zuba nake tunawa. In kuka cire sunansa, wani abu ne kuma zai sake fita daga gidan nan, kuma abin da ya rage mini ba yawa.

Amma na zauna bakin tagarsa na yi ta juya abin. Na'ura za ta zaɓar masa? Na'urar da ba ta san ƙafa ba, ba ta san ƙaho ba? Ta tara masa ɓarayi da masu fifita a ƙarƙashin sunansa? Sannan maganarsa ta ranar da na hana shi sukari ta dawo mini tiryan-tiryan. In na bar sunansa a wurin, shi bai dawo ba, ku ba ku ƙaru ba, kuma ga wani can yana jira.

Isuhu, da kai nake. Na san tun ranar jana'iza ba ka tako gidan nan ba. Na san abin da ka gaya wa Injiniya, cewa ko an ba ka ba za ka karɓa ba, wai kana jin kamar bakinka ne. Ba bakinka ba ne, ƙanena. Kai ja kwana ka roƙa masa, ni shaida ce. Kwanansa ne ya ƙare. Ka tashi daga kan buhun shinkafata, ka ishe shi haka, ka zo ka zauna a kujerar yayanka. Ka ɗauki ɓarayinka in ka ga dama, ba zan hana ka ba. Amma zagayen farko, don Allah, ka kama mai jifa guda ɗaya mai ƙafa, ko don ya samu barci.

Sharaɗina ɗaya ne. Zaɓe yana nan a falon nan, langa tana nan, hannuna yana nan muddin ina numfashi. Hularsa na ajiye ta a kan kujerar. Isuhu, in layi ya zo kanka, kifa ta a gwiwarka.

Ni kuma zan yi abin da ya koya mini. Zan yi masa addu'a daga waje.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Bai taɓa cin buta ba, amma bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, kuma kullum yana zuwa aiki. Ka yafe masa turaren nan da sauran kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci. A duniya ya sha zuwa na biyu. Ya Rabbi, ranar da za a kira masu shiga Aljanna, ka sa shi a sahun farko, ko da zai yi ƙorafi. In tawa ta zo, ka ajiye mini gurbi kusa da shi.

Amin. Ku zo da wuri ranar zaɓe, zan yi ƙosai.